Wa za a fara karramawa, ɗan wasan makaranta ko malamin da ya horar da shi?

Tsohon Gola:
Assalamu alaikum jama'a. Jiya bayan La'asar na bi ta filin wasa na Giginya, na tarar da yara suna atisaye. Na ce su faɗa mini sunan mutum ɗaya da ya taɓa yi wa wata makarantar Sakkwato gudu ko ƙwallo kafin a haife su. Suka kira Ahmed Musa, suka kira Osimhen, daga nan shiru. Abin ya tsaya mini a rai har dare. Nagarta, Sultan Bello, Kwalejin Tarayya da aka buɗe tun 1966, Kwalejin 'Yan Mata, duk sun yaye zaratan 'yan wasa, kuma da yawansu suna nan da rai cikin garin nan. Shawarata ita ce tsofaffin ɗalibai mu haɗu mu riƙa karrama su duk shekara, a rubuta sunaye a allo. Kuma ina kan bakana: a fara da malaman wasanni. Ɗan wasa shekara uku ko huɗu yake haskawa ya wuce, malami kuwa shekara talatin yana zana layi da farar ƙasa cikin rana.

Ɗan Kasuwa:
Wa alaikumus salam. Yaya, niyyarka mai kyau ce, amma ban yarda da jerin ba. Wanda ya ci tseren mita 400 shi ya yi gudun, huhunsa ne ya ƙone. Malami albashi ake biyansa, aikinsa ne. Yaron nan me ya samu? Cokali ɗaya na gulukos a tafin hannu da bokitin roba. Wanda bai taɓa samun komai ba shi ya kamata a fara tunawa.

Ɗalibin Danfodiyo:
Baba Gola, ina bayanka, kuma hujjata a garin nan ta faru. A 1978 an yi gasar wasannin kwalejojin horar da malamai a Sakkwato. Cikin tawagar da ta zo daga Muslim Teachers College ta Legas akwai wani dogon yaro ɗan shekara 15, ɗan ƙwallon hannu. Wani abokin karatunsa ya roƙi koci a sa shi cikin 'yan ƙwallon kwando, kocin ya amince. Yaron shi ne Hakeem Olajuwon. A 1984 shi aka fara ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasan NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ya ci kofi da Houston Rockets a 1994 da 1995, a 2008 aka shigar da shi zauren karrama gwanayen ƙwallon kwando na Naismith a Amurka. Da kocin nan ya ce a'a fa? Kuma wannan zaure ba taurari kaɗai yake ɗauka ba. A 2000 ya shigar da Morgan Wootten, mutumin da ya yi shekara 46 yana horar da yaran sakandare ɗaya.

Ɗan Kasuwa:
Ƙanena, labarinka ni ya taimaka. Kai da bakinka ka ce ɗalibi ne ya hango shi, ya je ya yi roƙo. Kuma kocin yara nawa suka bi ta hannunsa? Me ya sa ba a samu Olajuwon goma ba? Baiwa Allah ke bayarwa, ba a koya ta da usur.

Ɗalibin Danfodiyo:
Gaskiya ne, Alhaji, amma akwai inda ake samun goman. St. Finbarr's ta Legas, wadda Fada Denis Slattery ya kafa a 1956, ita ta fitar da Stephen Keshi da Henry Nwosu, kuma Nwosu shi ne mafi ƙarancin shekaru cikin waɗanda suka ci mana kofin Afirka a 1980. Ba ruwan rijiyar makarantar ne ya bambanta ba. Mutum ɗaya ne ya ɗauki ƙwallo da muhimmanci kamar yadda ya ɗauki jarrabawa.

Malamin Wasanni Mai Ritaya:
Na karanta duk abin da kunka rubuta, Allah shi yi muku albarka. Gola, ɗana, na gode da ka tuna da mu. Amma tun da anka zo batun rubuta suna ga allo, dole in faɗi abin da ke cina. Ba dukanmu munka cancanta ba, kuma ban fitar da kaina ba.

Wata shekara shugaban makarantar da nike aiki ya kira ni ofis, yac ce kofin bana ba ya son jin labari. Munka ɗauko samari biyu daga cikin gari, anka ɗinka musu kayan makaranta, anka ba su sunayen wasu ɗalibai. Sojan haya. Munka ci kofi. Amma akwai yaro ɗan aji huɗu da yay yi wata uku yana zuwa fili tun bayan Asuba, shi na cire don in sa baƙo. Ranar wasan ƙarshe yana zaune bakin layi riƙe da jarkar ruwa, bai ce mani komi ba. Bai sake taɓa ƙwallo ba har yag gama makaranta. Yau shekaru sun ja, in na gamu da shi kasuwa shi ka fara gaishe ni, har ƙasa. Ni kuwa kunya ta hana ni duban idonai.

To in za ku karrama malamai, ku tambayi yaran da munka aje benci, ba waɗanda munka ɗora ma kofi ba.

Tsohon Gola:
Malam, wallahi jikina ya yi sanyi. Allah ya yafe mana baki ɗaya. Amma wannan magana taka ita ta ƙara mini ƙarfi. Mutum nawa ne za su faɗi haka a bainar jama'a? Kuma matsalar ba taku ce ku kaɗai ba, ta kai har sama. Ai saboda rage shekaru FIFA ta kawo gwajin MRI, wato hoton ƙashin wuyan hannu don tantance shekarun ɗan wasa, a gasar 'yan ƙasa da 17 da aka yi a Najeriya a 2009.

Tsohuwar 'Yar Tsere:
Sannunku. Tun safe nake bibiya, kowa na cewa yaro, yaro. Mu fa? Ni na yi gudun miƙa sanda, na yi ƙwallon hannu. Kun san abin da ake sha kafin a bar 'ya mace ta hau mota zuwa gasa a wani gari? Malamarmu sai da ta zo gidanmu sau uku. Ta durƙusa a zaure gaban mahaifina, ta yi alkawarin ɗakin da zan kwana nan za ta kwana, kuma da dogon wando zan yi gudu. Ta cika. Kuɗin motar dawowa ma daga jakarta ya fito a wata tafiya, don abin da aka ce za a aiko bai iso ba. Alhaji, ka ce albashi ake biyanta. Wane albashi ne ya ƙunshi durƙuso a zauren mutane?

Don haka a wajen mata ba ni da shakka, malama ce farko. Amma ina da sharaɗi: kada a yi allo a cika shi da 'yan ƙwallon ƙafa maza, a liƙa mace ɗaya a ƙasa don fita kunya. Sakkwato an san ta da ƙwallon hannu, sunan Rima Strikers ba a ɓoye yake ba, kuma wasan nan a filayen firamare da sakandare ya yi saiwa, maza da mata.

Ɗan Kasuwa:
Hajiya, a kan malamarki na sauka, Allah ya saka mata da alheri. Amma dubi abin da ya faru yanzu: ba mu san ta ba sai da ke, ɗalibarta, kika buɗe baki. Ashe sai an nemo 'yan wasan an ɗaga su kafin a san malaman kirki. Wannan shi ne jerin da nake faɗa tun farko.

Masoyin Dambe:
Ku bar ni in sa baki. Mi yas sa har gobe ana kiran Shago? Don yana da makaɗi, Ɗan Anace ya tsare mai suna. Ɗan dambe da ɗan kokowa suna da kirari, suna da masu riƙe tarihinsu da ka. Ɗan makaranta takarda aka ce za ta riƙe nashi, takardar kuwa gara ta cinye. Kuma in za a yi, a sa langa da kokowa, ɗiyan makarantun ƙauye da su sunka tashi.

Ɗalibin Danfodiyo:
Nan ne aikin yake. Da wace hujja za a zaɓa? NUGA, gasar wasannin jami'o'i, tun 1966 ake yin ta, gasar wasanni ta ƙasa tun 1973, ga NICEGA ta kwalejojin ilimi da NIPOGA ta kwalejojin kimiyya da fasaha. Wanda ya je waɗannan ana iya bin sawunsa. Na sakandare kuwa sai an shiga gida gida. Sannan wa ake nufi da ɗan Sakkwato? Kafin 1991 Kebbi tana ciki, kafin 1996 Zamfara tana ciki. Wanda ya yi wa tsohuwar jiha gudu daga Gusau ko Birnin Kebbi namu ne ko ba namu ba?

Tsohon Gola:
Namu ne, rigar jiha ɗaya ya sa. Alhaji, har yanzu ban sauka ba, malami nake so a sama. Amma na karɓi gyaran Malam: ba za a rubuta sunan kowane malami ba sai ɗalibansa sun shaide shi, har da na benci.

Ɗan Kasuwa:
Ni ma ban sauka ba, Yaya. Amma kuɗin allon da rubutun ku bar mini.

Malamin Wasanni Mai Ritaya:
Ina da littafi uku na rajistar gasar gidaje cikin adaka, da hotuna, in ruwan damina bai ɓata su ba. Ɗana na Danfodiyo, ka taho ran Asabar bayan Azahar da wayarka ka ɗauke su. Sunan yaron nan na ciki, na gaskiya, inda na soke shi da jan biro. Kafin nan zan tafi shagonai in roƙe shi gafara.