Aftama: wane suna za mu ba shi da Hausa?

Malamar sinadarai, Rijiyar Zaki:
Salamu alaikum malamai. Ina neman kalmar da ɗalibi mai shiga binciken na'urorin gano cuta zai gane nan take. Aftama gajeren zare ne na DNA ko RNA, tilo ba tagwai ba, haruffa kamar 20 zuwa 100, wanda ke naɗewa ya riƙe abu guda kawai. Ellington da Szostak suka raɗa sunan a 1990, daga kalmar Latin mai nufin dacewa. Na yi tunanin "makulli".

Dakta, Kabuga:
Wa alaikis salam Malama. Makulli zai ɓatar da ɗalibi, domin ƙarfe ne da siffarsa ba ta sauyawa. Shi kuwa wannan zaren, sauyin siffar ne amfaninsa. A na'ura, ana ɗaure bakinsa ɗaya a kan farantin zinare da ƙwayar farar wuta, ɗaya bakin a maƙala masa wani rini mai suna shuɗin metilin. Da ya riƙe abin da ake nema sai ya lanƙwashe, shuɗin ya matso kusa da zinaren, ƙarfin lantarkin da ake aunawa ya sauya. In aka cika farantin da zare, ba su samun wurin lanƙwasa, sai awon ya yi rauni.

Mai gwaje-gwaje, Fagge:
To "tarko" fa, Dakta?

Dakta:
Tarko ba ya zaɓe, kowa ya taka ya kama. Wannan kuwa tace shi ake yi ta hanyar SELEX: a zuba zarurruka iri-iri har tiriliyan 100 ko fiye a kan abin da ake nema, a wanke waɗanda ba su riƙe ba, a ninka sauran da PCR, dabarar kwafar DNA, a maimaita zagaye 8 zuwa 15. In aka tsallake zagayen cire masu manne wa kwano ko dutsen maganaɗisu da aka ɗora abin da ake nema a kai, su za su cinye sakamakon.

Malamar sinadarai:
Na so "madaci" daga dacewa, amma kunne zai ji maɗaci. "Zaren kamu" kuma a Kano biki za a fara tunawa.

Malamin Hausa, Gwale:
Ranki ya daɗe, ki ce "zaren cafka". Cafka tana ɗauke da sauri da riƙo, jam'insa kuma ba wahala: zarurrukan cafka. A ambaton farko a rubuta aftama tare da shi.

Mai gwaje-gwaje:
Na yarda, kuma kalmar zare tana bayyana abin da ya fi damun mu a zafin Afrilu. Sinadarin garkuwar jiki da ake gwaji da shi in ya dahu ya lalace ke nan. Zaren cafka kuwa ana ɗumama shi zuwa digiri 95 na minti 5, a bar shi ya huce a hankali, ya koma siffarsa. Sai dai a kula da gishirin ruwan: zare mai haruffa 15 da ke riƙe trombin, sinadarin daskarar da jini, ba ya naɗewa da kyau sai da fotasiyam. Na RNA kuma jini kan tsinka shi cikin mintuna in ba a kāre shi ba.

Malamar sinadarai:
Zaren cafka ya zauna. Saura sunan farantin zinaren, Malam.