Shawarwarin da aka tattara kan gudun wuce kima a bakin aiki

Batun da aka fi daɗewa a kansa a tattaunawar da aka yi kan gudun wuce kima da direbobi ke yi a bakin aiki shi ne tazarar da mota ke ci kafin ta tsaya. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana shafe kusan mita 28 cikin daƙiƙa ɗaya, tun kafin ƙafar direba ta kai ga birki. Idan kuma aka ninka gudun sau biyu, tazarar da birki ke buƙata takan ninku sau huɗu, balle a ce motar na ɗauke da kaya ko titi ya jiƙe. Shi ya sa aka ba da shawarar barin ratar aƙalla daƙiƙa uku tsakanin direba da motar da ke gabansa.

Wasu sun ɗora laifin a kan masu ba da aikin, kuma a ganina suna da hujja, domin ƙurarren lokacin isar da kaya shi ke sa direba taka mota fiye da kima. An nemi a daina kiran direba a waya yana tuƙi, a kuma bar shi ya huta duk bayan awa biyu. Ɗaura bel da duba taya kuwa, babu wanda ya yi musu a kai.