Yaushe ake fara tsara kimanta aikin tallafi?

Sabon_Shiga:
Assalamu alaikum. Wata ƙaramar ƙungiya ce ta samu tallafin shekara 2 don koya wa matasa 1,000 sana'a. Masu ba da kuɗin sun ce sai an kai musu tsarin kimanta aikin kafin su saki kason farko. Me ake sawa a ciki? Ni na ɗauka sai an gama aiki ake kimantawa.

Mai_Bibiya:
Wa alaikumus salam, Malam. Rahoton ne ake rubutawa a ƙarshe, amma awon tun kafin a buɗe ajin farko ake soma shi. In ba ku san abin da matasan nan ke samu a wata ba ranar da suka shigo, da me za ku nuna ya ƙaru? Kada ku ce za ku tambaye su daga baya. Wani ya manta, wani kuma zai rage na da, ya ƙara na yanzu, don ya faranta muku rai.

Ku fara da tambayoyi 3 ko 4 da kuke so kimantawar ta amsa, sannan ku fitar da ma'auni daga cikinsu. A nan ake yawan tuntuɓe: "an horar da mutum 1,000" abin da kuka yi ne, rajistar aji ta isa shaida. "Mutum nawa ke cin abinci da sana'ar wata 6 bayan yaye su" shi ne abin da ya canza, kuma shi masu kuɗin ke son ji.

Kowane ma'auni a rubuta masa ma'anarsa, da inda za a samo bayanin, da wanda zai tattaro, da lokacin. Ɗauki misalin ma'aunin "yana aiki". Kwana nawa a mako? Wanda ke taya wani ba a biyansa, ya shiga lissafi? In ba a yanke wannan a takarda ba, masu tattara bayanai goma za su dawo da ma'ana goma. Ma'auni 6 zuwa 8 sun wadatar, a kuma raba su maza da mata, da rukunin shekaru.

Yar_Lissafi:
Ƙari kan maganar Mai_Bibiya. Ba sai kun tambayi dukkan 1,000 ba. In kuna son tabbacin kashi 95 cikin 100, da kuskuren da bai wuce kashi 5 ba, mutum 278 sun isa, muddin ƙuri'a ce ta fitar da su daga rajista, ba wanda malamin aji ya nuna ba. Amma ku ɗauki wajen 350, domin kafin zagaye na biyu wasu sun ƙaura, wasu sun canza layi. Ku karɓi lambar waya biyu daga kowa, tasa da ta wani na kusa da shi, bayan kun bayyana masa abin da za a yi da bayanan ya kuma amince.

Takardar tambayoyin a gwada ta da mutum 15 ko 20 tukuna. Can za ku gane tambayar da ba a fahimta. In da waya za ku tattara, manhajojin tattara bayanai irin su KoboToolbox ko ODK suna aiki ba intanet, sai an samu sabis a tura.

Abu ɗaya da nake roƙonku: ku duba kalanda. In wata 6 bayan yaye za ku auna, to rukunin ƙarshe ya gama kafin wata na 18, in ba haka ba tallafin zai rufe ba ku auna su ba.

Sabon_Shiga:
Na gode, Malama. To kuɗin fa, nawa ake warewa? Kuma dole ne a ɗauko mutumin waje?

Dattijon_Ofis:
Yawanci tsakanin kashi 5 zuwa 10 na kasafin ake warewa, amma ku karanta yarjejeniyarku, ita ce mai hukunci, har kan batun mutumin waje. Bibiyar yau da kullum taku ce. Kimantawar ƙarshe kuwa gara wanda ba shi da hannu a aikin. Ku rubuta masa sharuɗɗan aiki wata 4 kafin rufewa, don ya samu ma'aikata suna nan. Masu ba da tallafi da yawa suna bin mizanai shida na OECD, ƙungiyar ƙasashe ta haɗin gwiwar tattalin arziki da ci gaba: dacewa, jituwa da sauran ayyuka, cimma buri, tattalin kuɗi da lokaci, tasiri, ɗorewa.

Kalmar "tasiri" ce nake ja muku kunne a kai. Samun matashi na iya ƙaruwa don kasuwa ta buɗe, ba don horonku ba. In a rukuni-rukuni za ku horar, ku auna waɗanda ke jiran layi lokaci guda da waɗanda suka gama, sai ku kwatanta. In ba za ku iya ba, ku rubuta cewa aikin ya taimaka, kada ku ce shi ya jawo. Kuma awon farko da na ƙarshe su faɗo a lokaci ɗaya na shekara, don ciniki yana hawa yana sauka da yanayi.