Me za mu kira baƙin ruwan da ke ɗiga daga bola?

'Yan uwa, ina neman kalma. Ƙanwata tana karatun injiniya a jami'ar KNUST da ke Kumasi, ta zo gida unguwar Aboabo za ta yi wa Hajiyarmu bayanin aikinta, sai ta maƙale a kan "leachate". Ni ma na buɗe baki na rasa abin faɗa.

Abin kuwa kowa ya san shi. Ku bi bayan aboboya, babur mai ƙafa uku mai kwasar bola, da safe, za ku ga baƙin ruwa yana ɗiga daga gindin akwatin, ya ja layi a kan kwalta, ƙudaje na bin sa. Ɓawon doya, ragowar kenke, ruɓaɓɓen tumatir, su ne suka sako ruwan jikinsu. A jujin Oti da ke Dompoase, wanda aka buɗe a 2004, ruwan sama kan ratsa tulin bolar Kumasi ya fito da irinsa, a tara shi a tafkuna.

Wani ɗan uwa ya ce "ruwan bola". Bai gamsar da ni ba, don ruwan da ya kwanta a gefen juji ma haka za a kira shi. Wani ya ce "romon bola". A'a, kada mu ɓata sunan abinci.

Hajiya ce ta raba gardama. Ta ce, "Ai yadda muke ruwan toka ke nan. A zuba toka a tukunya mai huji, a bi ta da ruwa, ya tsiyaye ƙasa ɗauke da ƙarfinta." Nan na tsaya: tsiyayar bola. Kalmar ta faɗi yadda ruwan ya samu, kuma tana karɓar siffa. Akwai ɗanyar tsiyaya, mai tsami, cike da abin da ƙwayoyin halitta irin su bakteriya ke iya ci. Akwai kwananniya ta tsohon juji, wadda amoniya, sinadarin nan mai zarnin fitsari, ta yi wa yawa, ba ta ciyuwa da sauƙi. Masu aikin ba sa ɗaukar su biyun abu ɗaya.

Saura sunan na'urar da ake gyara wannan ruwan da ita, "anaerobic membrane bioreactor". Rufaffen tanki ne da iska ba ta shiga. Ƙwayoyin halitta na cinye dattin a ɗumin kusan digiri 35, su fitar da gas wanda fiye da rabinsa metan ne, ana girki da shi. Ruwan sai ya bi ta wata siririyar fata mai hujin da bai kai kashi 1 cikin 1,000 na milimita ba, ƙwayoyin su tsaya ciki su ci gaba da aiki.

Duk wanda ya taɓa shiga mayanka ya ga wannan: tumbin saniya ne, rufe, da ɗumi, babu iska, har dangin ƙwayoyin masu yin metan suna cikinsa. Fatar kuma tantani ce. Don haka na ce tumbi mai tantani.

Wata yaya daga Asawase ta rubuto cewa "mataci" ya fi sauƙin ganewa. Gaskiyarki, Yaya, amma ina tsoron a ji mataci a ɗauka ruwan ya zama na sha. Bai zama ba. Amoniya da gishiri suna wucewa ta tantanin, sai an sake gyara ruwan kafin a sake shi rafi. Shi kansa tantanin yakan toshe da yauƙi, dole a riƙa wanke shi, kuma nan kuɗin ke tafiya.

Ƙanwata ta gwada wa Hajiya: "Ɗanyar tsiyayar bola muke zubawa a tumbi mai tantani." Hajiya ta ce, "To, gas ɗin ina kuke kai shi?"