Sauƙin abinci ya zo, amma mu manoma ina za mu sa kanmu?

Ɗan Bakori:
Assalamu alaikum jama'a. Masara nake nomawa da 'yar shinkafa a fadama. Tun da gwamnati ta sanar da cire harajin shigo da masara, alkama, wake da shinkafa na kwana 150 a watan Yulin 2024, farashi ya yi ta gangarowa, taki kuwa yana nan inda yake. Buhun masarata ba ya sayo mini buhun yuriya, ga kuɗin feshi, ga 'yan ƙwadago. A 2019 an rufe boda aka ce mu koma gona, muka koma. A 2024 kuma sai aka buɗe ƙofa bayan mun ci bashi mun shuka. Don Allah wane talaka aka taimaka?

Maman Khalifa:
Wa alaikumus salam Malam. Ni aka taimaka, ba zan ɓoye maka ba. Koyarwa nake a firamare a Kano, da kwano nake awo. Bayan cire tallafin mai a 2023 sai da muka koma girki sau biyu, shinkafa sai Juma'a. Allah ya gani ina tausaya maka, amma kukan yaro da dare ba ya jiran kaka.

Baban Dawanau:
Hajiya da Malam, ku biyun gaskiya kuka faɗa, sai dai ku lura da abu ɗaya. Ƙaramin manomi mai sayarwa ne da kaka, mai saye ne da damina. Yana kakkaɓe rumbu da arha don ya biya bashi da hidimar biki, in watan takwas ya kama ya dawo kasuwa da tiya a hannu. Tsadar lokacin rufe boda ba aljihunsa ta shiga ba, mu masu sito da masu injinan casa muka fi cin moriyarta. Ina cikin harkar shi ya sa nake faɗa. Abin da ke kassara shi canza doka bayan iri ya shiga ƙasa.

Malamin Gona:
Ku dubi ƙasar Haiti da ke yankin Caribbean. A 1995 aka sauke harajin shinkafar waje zuwa kashi 3 cikin ɗari, ta Amurka mai tallafin gwamnati ta cika kasuwa, manoma suka bar gonaki suka tuɗaɗa birni. A 2010 tsohon shugaban Amurka Bill Clinton da bakinsa ya amsa cewa kuskure ne. Ni a ganina in za a sauƙaƙa wa mai ci, to a sauke farashin taki tare, a kuma yi shela kafin ruwa ya sauka.

Ɗan Bakori:
Na gode Baba, maganarka ta taɓa ni, don bara ni ma na auni dawa a watan takwas. Hajiya, ba na baƙin ciki da sauƙinku wallahi. Bana rabin gonar waken suya zan zuba tunda ba ya cin taki sosai. Akwai wanda ya san inda zan samu iri mai kyau a wajen Funtuwa?