Musayar wannan mako: sanatocin Kenya da kuɗin gundumomi

Malam Mai Zaure:
Salamu alaikum 'yan zaure. Tunda kun ce kun gaji da waƙar soyayya, yau Kenya muka nufa. Can kundin tsarin mulkin 2010 ya kasa ƙasar gundumomi 47, kowacce da gwamnanta da zaɓaɓɓen sanata guda, kuma aƙalla kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa nasu ne. Cikin ayyukan da Sashe na 96 ya ɗora wa majalisar dattawa akwai guda biyu, ta tsara yadda za a raba musu, ta kuma sa ido kan abin da aka raba. Ƙwar huɗu za mu yi, wato baiti mai ɗango huɗu, babban amsa-amo na ƙarshen kowane baiti "ya". Bismillah.

Da sunan Ta'ala nake farawa,
Batun sanata ne muke dubawa,
Rabon gundumomi yake tsarawa,
Yana bin sawu ko yana ja da baya?

Ɗan Goggo:
Malam ka tambaya ga amsa tafe,
Wurin yin rabo ya iso tun da safe,
Wurin bincike sai ya koma gefe,
Yawan hayaniya ba ita ce gaskiya.

Hajiya Uwar Baiti:
Ɗan Goggo kullum bakinka ya riga karatunka. A 2020 aka kawo sabon tsarin rabo da ya fifita yawan jama'a a kan faɗin ƙasa, su Mandera da Wajir da Marsabit za a zaftare musu, sai ga sanatocin da gundumominsu ma ƙari za su samu irin su Sakaja na Nairobi da Malala na Kakamega sun ce ba da su ba, aka yi ta zama ana watsewa har Satumba.

Ƙanena ka zauna ka sha labari,
Mutan Mandera sun shigo garari,
A yanke rabonsu ake ta shiri,
Sai sanatoci suka taru suka ce ba ma bin wannan hanya.

Uku aka kama a ranar zama,
Abokai suka ce ai ba za a gama,
Zaman nan ba sai an yi musu sallama,
Kai da an kama ka da ka sha kuka da kunya.

Bafaden Hajiya:
Allahu Akbar! Gaba dai Uwar Baiti, kowa ya ja da ke ya kwana da yunwa. Ɗan Goggo a kawo maka ruwa?

Ɗan Goggo:
Bafade ka bari manya su gama tukun. Yaya Hajiya ki ƙarasa labarin mana, yaushe rigimar ta mutu? Sai da shugaban ƙasa na lokacin Uhuru Kenyatta ya yi alƙawarin ƙari, kason gundumomi ya tashi daga shilin biliyan 316.5 ya koma biliyan 370, shi ke nan kowa ya zama ɗan uwan kowa.

Yaya kin yi kirari kin tsallake tsakiya,
Da an ƙara tuwo aka daina hayaniya,
Wa ya bi kuɗin nan ya ga inda suka yi tafiya,
Asibiti ko aljihu? Ga fa tambaya.

Mai Aruli:
Ku dakata don Allah. Hajiya da girmanki, ɗangon ƙarshe na baitinki na farko fa mota guda ne, na ƙirga gaɓoɓinsa sun kusa ninka na 'yan uwansa. Malam da karin Mutaƙarab ya buɗe, ke kin fara da shi kin sauka a tasha daban. Kai kuma Ɗan Goggo ka mayar da ƙaramin amsa-amo ya zama babba, duk ɗangwaye huɗu "ya", wannan ai ba ƙwar huɗu ba ce, gwauruwa ce, mai ɗango ɗaya-ɗaya, aka jera.

Hajiya Uwar Baiti:
To ga mai awo ya iso.

Mai Aruli ɗan awo sarkin ƙirga,
Shekara nawa ba mu ga baitinka ya shiga,
Kana bakin fage kana ta ɗaga,
Yatsa, ka shigo mu gani in ka iya.

Mai Aruli:
Kin ga ni ko? Kin sare jimla tsakanin "ɗaga" da "yatsa" don kawai ki sami amsa-amo. Sabi-zarce ana yi amma ba irin na dole ba.

Bafaden Hajiya:
Sabi-zarce ado ne malam, manyan marubuta sun yi. Hassada ce kawai. Duk wanda ke bayan Hajiya ya ɗaga hannu.

Autan Zaure:
Ni dai ina bayan Yaya Ɗan Goggo wlh, ko da karin ya karye magana ta shiga. Bafade kai ko Hajiya ta yi tari sai ka ce karin Kamil ne hhh

Baba Na Ƙarshen Layi:
Afuwan 'ya'yana, sai yanzu na ga saƙo, wayar tana wurin gyara. Malam Mai Zaure nake ba wa amsa.

Ka ce ko yana bin sawun dukiya,
Akwai kwamitin da ke kiran masu ajiya,
Rahoton mai bincike shi ne madogara ɗaya,
Gwamna ya zo ya yi bayani ko ya sha wuya.

Kuma kada a manta majalisar nan ta tabbatar da tsige Waititu na Kiambu a Janairun 2020, ta bi da Sonko na Nairobi a Disambar shekarar, sai Kawira Mwangaza ta Meru a Agustan 2024. Ba a ce ba su da haƙori ba.

Mai Aruli:
Baba ina gaisuwa. Da ladabi, kai ma "ya" huɗu ka jera.

Baba Na Ƙarshen Layi:
Na jera, sai ka kai ni kotu.

Ɗan Goggo:
Baba Allah ya ƙara girma, amma tsigewar nan majalisar gunduma ce ke faro ta, su dattawa sauraro suke yi su kaɗa ƙuri'a, a tabbatar ko a yi watsi. Kuma shi Sonkon da ka kawo ai sanata ne daga 2013 zuwa 2017 kafin ya haye gwamna. A zaɓen 2022 Sakaja da Orengo da Susan Kihika da Mutula Kilonzo ƙarami duk daga majalisar dattawa suka zarce kujerar gwamna. Ban ce sun ci komai ba fa kada a ja min, cewa na yi mai gadin yana leƙen ɗakin mai gida. Mai Aruli ga naka da awo, ka ƙirga:

Idan ka ji ya ce a ƙaro rabo,
Yana hangen gobe, gidan ga sabo,
Idan ya tsananta wa gwamna zambo,
Kujerar yake so, ku lura da niyya.

Hajiya Uwar Baiti:
Kai yaro, to in yana son kujerar sai me? Wanda ke son kujerarka ai shi ya fi kowa tona maka takardu, talakan Wajir ba ruwansa da niyya in dai famfo ya kawo ruwa.

Ka ce ya yi kwaɗayi na ji na yarda,
Kwaɗayin nan shi ke sa ya tona takarda,
Gwamna ya san ana kallonsa da shaida,
Tsoron magaji ma wata kariya.

Bafaden Hajiya:
An gama! A rufe zaure a ba Hajiya kambu.

Autan Zaure:
Ina aka gama, Yaya bai dawo daga sallah ba ne. Kuma "yarda" da "shaida" ni kunnena bai ji sun zauna ba.

Mai Aruli:
Auta "da" ce ƙarshen duka ukun, sun zauna daram, nan kam ba ta da laifi. Wanda bai zauna ba shi ne "niyya" ta yayanka, da ya biyu ce, Malam kuma "baya" ya kafa mana. Sannan "zambo" da "rabo" sai an ja su da igiya.

Ɗan Goggo:
Na dawo. Mai Aruli "bo" ce a rabo, "bo" ce a zambo, wace igiya kuma? Ka bar Hajiya ta wuce da "da" ni ka tare ni a "bo", ashe kai ma ka koma bafade.

Malam Mai Zaure:
Jama'a saƙo ya haura talatin a kan gaɓa da ƙafa, sanata yana can tsaye ba wanda ya kula shi. Ɗan Goggo baitin Hajiya na jiranka, a baiti za ka amsa ba a zube ba. Mai Aruli kai kuma ko ka kawo naka kafin isha ko in sa ka a shiru har Juma'a.

Mai Aruli:
Malam ina kan na farko, ƙafa ta uku ce ta ƙi zama.