Wace kalma za mu ba "variable" idan mai masauki ne ke taɓa kayan baƙo?

Mai tambaya: Salamu alaikum ƴan uwa. Ina shirya ɗan bayani da Hausa don ƙannenmu masu koyon rubuta manhaja nan Maradi, sai kalmomi biyu suka cije mini. Kana da babbar manhaja da aka rubuta da harshen C, a ce ta lissafin shagon hatsi, sai ka dasa mata ƙaramin tafinta na wani harshe mai suna Lua a ciki, don mai shago ya riƙa sauya ƙa'idar rangwame da kansa ba sai an sake harhaɗa manhajar ba. Babbar ita ake kira host, da Faransanci hôte. Ita ke zura hannu cikin tafintan ta sa farashi, ta karanto abin da lissafi ya bayar. Abin da take taɓawa kuma shi ne variable. Yaya za mu ce da su?

Mushe mai ritaya: Wa alaikumus salam ɗana. Ta farko ba ta da gardama, mai masauki ce. Nan ma mun fi Faransawa sa'a, don su hôte ɗaya ce ga mai gida da wanda ya sauka wurinshi, sai ka duba jimla ka gane wa ake nufi. Mu muna da mai masauki, muna da baƙo. Ta biyu kuwa, mu a lakwal "mai sauyawa" munka riƙa cewa in yaro ya kasa gane x da y.

Yaya daga Bagalam: Mushe, ranka shi daɗe, mai masauki ta zauna daram. Lua ma don zaman baƙunci aka yi ta: a 1993, a wata jami'ar Katolika ta Rio de Janeiro a Brazil, Roberto Ierusalimschy da abokan aikinsa biyu suka ƙera ta don a riƙa dasa ta cikin wasu manhajoji, shi ya sa ake samun ta cikin VLC da Wireshark da Redis. Amma "mai sauyawa" ina neman afuwa, ba za ta ɗauki wannan aiki ba. A allon lissafi ta isa. Nan kuwa yaro zai tambaya: wa ke sauyawa, sunan ko abin da ke ƙarƙashinsa? Sunan farashi yana nan yadda yake tun safe har dare. Kuma gwada faɗin "mai masauki ta sauya mai sauyawar baƙo" sau uku a jere.

Ɗaliba daga Ali Ɗan Sofo: Yaya, to mazubi fa? An zuba, an juye, an sake zubawa. Mu haka aka koya mana, an zana akwati an rubuta suna a gefensa.

Yaya daga Bagalam: Ƙanwata, a C kin yi daidai. Can variable wuri ne takamaimai a ƙwaƙwalwar kwamfuta, da adireshinsa da girmansa, kuma abu iri ɗaya kawai yake ɗauka. Amma duba yadda mai masauki ke yi da Lua. A ce tiyar gero dala ɗari da ashirin ce, wato sefa 600:

lua_pushinteger(L, 600);
lua_setglobal(L, "farashi");

Layin farko ya ɗora 600 a kan wani tari da ke tsakanin mai masauki da baƙo, wanda abin da aka ɗora a ƙarshe shi ake fara ɗauka. Na biyu ya ɗauke ta daga tarin ya ɗaura mata suna farashi. Babu inda C ta sami adireshin wani akwati. Sunan kansa rubutu ne kawai da aka shigar cikin wani babban tebur, wato jerin sunaye da abin da kowanne ke riƙe da shi, da Lua ke kira _G. Ga shaida mai daɗi ga mu masu ƙ da ɗ: Lua 5.4 yadda take zuwa ba ta yarda ki rubuta kuɗi = 600 cikin umarninta ba, don ba ta ɗauki ɗ a matsayin harafin suna ba. Amma mai masauki ta kira lua_setglobal da "kuɗi" ya shiga lafiya lau, baƙo kuma ya same shi ta _G["kuɗi"]. Python 3, wani harshen daban, ita ba ruwanta, tana karɓar kuɗi kai tsaye.

Ni shawarata turke. Turke na nan a kafe da sunansa, yau jar akuya ke ɗaure jikinsa, gobe a kwance ta a ɗaure tunkiya. Haka sunan Lua yake: yanzu lamba, an jima rubutu, an jima tebur guda.

Mushe mai ritaya: To fa. Awaki sun shigo kwamfuta. Me turke ya hi mazubi da shi, ban da son ranka na ɗan Maradi?

Yaya daga Bagalam: Abu biyu, Mushe. Akuya ɗaya tana ɗauruwa da igiya biyu a turke biyu, amma gero ɗaya ba ya zama cikin kwano biyu lokaci guda. A Lua in ka ce a = {}, wato sabon tebur da ba komai ciki, sannan b = a, tebur ɗaya ne da suna biyu. Mai masauki ta gyara shi ta hanyar a, baƙo ya duba b ya tarar an gyara. Yaron da aka koya wa mazubi zai rantse aljanu ne.

Na biyun ya fi cizo. Lua na da mai kwasar shara da ke zagayawa, duk abin da ya tarar ba a riƙe da shi ta ko'ina, sai ya share shi don a sami wuri. A ce mai masauki ta karanto sunan kaya da lua_getglobal da lua_tostring. Abin da C ta samu nuni ne zuwa rubutun da ke hannun Lua, ba kwafinta ba. In ta sauke shi daga tari, baƙo kuma ya ɗaura wani abu a turken, rubutun farko ya zama sakakke, ana iya kwashe shi kowane lokaci, C na can tana nuna kango. Manhaja ta yi ta aiki kalau, ran nan ta faɗi ba sallama. Da turke, gargaɗin jimla ɗaya ne: abin da ba a ɗaure ba, kwafe shi kafin ka sake shi.

Ɗaliba daga Ali Ɗan Sofo: Amma Yaya, lamba ai kwafarta ake yi. In na karanto farashi na ƙara masa 50 a C, na Lua bai motsa ba sai na sake kiran lua_setglobal. Ina igiya biyu nan?

Yaya daga Bagalam: Gaskiyarki, nan turke ya ɗan rame. Lamba kwafinta ke hawa tari, ga ita kaɗai mazubi ma ya wadatar. Sai dai wanda ya ɗauki lamba a matsayin abin ɗaure bai yi asarar komai ba, wanda ya ɗauki tebur a matsayin abin zubawa kuwa zai kwana neman kuskure. Akwai ma inda ake ɗinke ɓangarorin biyu: Tcl, wata irin Lua ta dasawa, wadda John Ousterhout ya fara a Berkeley a 1988, tana da Tcl_LinkVar, da ke haɗa mazubin C da suna a cikin tafinta, a taɓa ɗaya ɗayan ya amsa. Lua ba ta zo da irin wannan a shirye ba.

Mai tambaya: Bari in gwada su cikin jimla in ji ko suna tafiya. "Mai masauki ta ɗaura 600 a turken farashi." "Ta duba turken rangwame ta tarar ba komai." Wannan ta biyun ita ce nil ke nan ko?

Yaya daga Bagalam: Ita ce, kuma ka ja kunnensu a kanta. Mai shago ya rubuta rangwami maimakon rangwame, ko farasi ba h, Lua ba za ta ce uffan ba. Mai masauki ta tambayi farashi a ba ta nil, lua_tointeger ta mayar da shi 0, buhu ya fita kyauta a rasit. A duba da lua_isnil tukuna. Haka nan abin da baƙo ya rubuta da local a gabansa, lua_getglobal ba ta ganin shi sam, don ba ya cikin _G.

Mushe mai ritaya: Na sallama, da sharaɗi: a bar mana mai sauyawa a allon lissafi. C ta riƙe mazubi, Lua da Python su ɗau turke. Sai ku kula da jam'i, don in kunka rubuta "mai masauki ta shiga turakan baƙo", wani zai karanta turakar maigida ya ce me ya kai ta.

Ɗaliba daga Ali Ɗan Sofo: Mushe, ai mahallin magana zai raba gardama. Ni local ɗin nan ce ta rage mini. Turken cikin gida, a bar na _G ya zama turken waje?

Mai tambaya: Haka zan rubuta su a bayanin, turken waje da turken ciki. Wanda ke da kalma ga shi tarin nan na tsakani da ta fi "tari" ya kawo, don in ba a ji sautinta ba yara za su ɗauka mura ce.